Z3, 350Z, SLK ko Celica: wace tsohuwar motar tsere ce za ta sauka daga kan dutse?

A kusan kowane babban gareji akwai wata mota da ba wanda yake tambayar ranar fitarta. Gajeriya ce, ƙofa biyu, an ɗora ta a kan duwatsu, ganyen darbejiya ya cika gindin gilashinta, yaran gareji sun mai da but ɗinta ma'ajiyar sifana. In ka tambaya sai a ce ta wani Alhaji ce, ana jiran kaya daga waje. Shekara uku ana jiran kayan nan. Shi ma Alhajin a ranar da ya saye ta cewa ya yi wata biyu kacal zai tashe ta.

Duk da haka sha'awar ba ta mutuwa, ni ma ina da ita. Akwai daɗi na daban a ce ka sayi tsohuwar motar tsere da araha, ka bi ta a hankali, yau birki gobe lagireto, har ranar da za ka fito da ita titi tana gurnani. Abin da ke raba wanda ya kai wannan ranar da wanda motarsa ta zama akurkin kaji yana faruwa ne tun wajen zaɓe, kafin a kwance ko noti ɗaya. Ni a nawa lissafin tambaya ɗaya ce ta fi sauran nauyi: motar nan tana da dangi a garinku? Wato injinta, giyarta da kayan ƙafarta, akwai wasu motocin da suka cika titi masu amfani da irinsu? In akwai, Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja za su riƙe ka, in abu ya gagara a aika Ladipo a Legas. In babu, to kowane ƙaramin roba sai da dala da jiran jirgi.

Bari in fara da BMW Z3, domin ita ce ta fi jan idon mutane. An ƙera ta daga 1995 zuwa 2002 a masana'antar kamfanin da ke Spartanburg a Amurka. Dogon hanci, gajeren baya, mutum biyu kawai take ɗauka. Sirrinta shi ne a ƙarƙashin wannan kwalliyar kusan duk kayan BMW E36 ne, wato siris 3 ta shekarun 1990, kayan ƙafar baya kuma tsarin tsohuwar E30 ne, siris 3 da ta gabace ta. Wannan dangantaka ita ce jarinka. Ƙananan injinanta masu silinda 4, lita 1.8 da 1.9, su ne na cikin 318. Manyan masu silinda 6 a jere, lita 2.8 mai ƙarfin doki kusan 190 da lita 3.0 da ya zo a 2000 mai ƙarfin doki 231, ana samun su a siris 3 da siris 5 na wancan zamanin. Duk bakaniken da ya ƙware a BMW ya san su ciki da waje.

Cutarta ta farko zafi ne. Wuyan lagireto, tankin ruwa, gidan tamostat, har farfelar famfon ruwa a wasu, duk na roba ne, kuma roba mai shekara 25 da ta sha ranar Afrilu ba ta da amana. Injin mai silinda 6 dogo ne, kansa na alminiyom, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi ya ƙone gaskit. Saboda haka duk wanda ya sayi Z3 ya sa a ransa cewa aikin farko shi ne canza kayan ruwa gaba ɗaya, ko da ba su nuna alamar komai ba. Kuma a nan sai ka yi da gaske da bakanikenka. Al'adar garejinmu ce a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a ɗura ruwan rijiya, a ce wai waɗancan kayan ƙasar sanyi ne. Inji na zamani yana da zafin da aka tsara ya yi aiki a kai. In bai kai shi ba, kwamfutar motar tana ci gaba da ɗura masa mai kamar yanzu aka tashe shi, ya sha fetur, ya wanke bangon silinda. Ruwan rijiya kuma tsatsa da gishiri yake tarawa a cikin hanyoyin ruwan.

Cuta ta biyu ta fi ɓuya. A ɗaga kafet ɗin but a duba ƙarfen ƙasan da fitila. A nan ne aka liƙa maƙalar da ke riƙe difiransha, kuma a motocin da aka gallaza wa, musamman masu silinda 6, waldar wurin tana ɓallewa ƙarfen ya tsage. Ana gyarawa, amma aikin mai walda ne na gaske, ba na mai ƙera ƙofar gida ba. Akwai kuma abu na uku da ya shafe mu kai tsaye: injin 2.8 na Turai da aka yi kafin 1998 an shafe bangon silindarsa da wani sinadari mai suna Nikasil, wanda fetur mai yawan farar wuta yake cinyewa. Daga baya kamfanin ya koma sa hannun riga na ƙarfe. In aka kawo maka irin wannan, kada ka biya sai an gwada matsin kowace silinda. Rufinta na yadi ne, tagar bayansa kuma roba ce mai yin rawaya ta tsage. Masu ɗinkin kujerun mota suna iya lallaɓa ta, sai dai da wuya ta daina yoyo a watan Agusta.

Kishiyarta a wannan lissafi ita ce Nissan 350Z, wadda aka yi daga 2002 zuwa 2009. Ta fi Z3 ƙuruciya, ta fi ta nauyi, ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Injinta V6 ne lita 3.5, sunansa VQ35DE, ya fito da ƙarfin doki 287 a na farkon. Sarƙa ce ke juya taimin ɗinsa, ba bel ba, kuma inji ne mai jure wahala. Danginsa kuwa sun cika ƙasar nan: Infiniti G35 da FX35, Murano, Maxima, Altima mai silinda 6, da Pathfinder na farkon shekarun 2000. Sai dai a lura, domin a nan masu sayar da kaya suke yi wa mutane kwana. Injin Murano da Maxima a gicciye yake zaune, yana jan tayoyin gaba, don haka ba zai faɗa cikin 350Z haka nan ba. Ƙananan kaya da dama sukan yi daidai, amma in cikakken inji kake nema, ɓangaren G35 za ka duba, domin ita da 350Z kan gado ɗaya aka gina su. Hasali ma G35 mai ƙofa biyu kusan 350Z ce da aka ƙara wa tsayi da kujerun baya, kuma ta fi sauƙin samu. Mai iyali da ke son ya riƙa kai yara makaranta ran Juma'a da ita, ga tasa nan.

Shekarar 350Z tana da muhimmanci. Na 2003 da 2004 an san su da cin tayoyin gaba ta gefen ciki, da giyar hannu mai ƙara wajen shiga wasu giyoyin. Injin da aka ƙara wa ƙarfi zuwa doki 300 a 2005 da 2006, wanda ya zo da giyar hannu, shi ya fi yin suna wajen shan baƙin mai. Daga 2007 aka sa sabon inji VQ35HR mai doki 306, za ka gane motar da ɗan tozo a kan bonet. Shi ya fi kyau, amma danginsa sun fi ƙaranci kuma kuɗinsa ya fi yawa. Sauran ƙananan cututtukanta, irin su injin ɗaga gilas da na'urorin da ke karanta juyin kiranshaf da kamshaf, abubuwa ne na yini ɗaya.

Matsalarta ta gaskiya biyu ce, kuma ba a gareji ake maganinsu ba. Ɗaya, ciki. Tankinta ya haura lita 70, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 cika irin wannan tanki ya zama shawara da ake yi da aljihu. An kuma tsara injin ne don fetur mai daraja ta sama, a gidajen manmu kuwa abin da ke famfo shi za ka sha. Kwamfutar tana rage wa injin ƙaimi don kare shi, wato dokin da ka biya ba duka za ka hau ba. Biyu, tarihinta. Mota ce mai jan baya mai ƙarfi, irin wadda samari ke so don wasan mota a wajen biki. Wadda aka yi shekaru ana juya ta a fili tana tayar da ƙura, kuloci da difiransha da bushin ɗinta duk sun ji jiki. Duba cikin mazaunin tayar baya, in ka ga baƙin roba ya manne kamar kwalta, ta ba ka labarinta da kanta.

To tsakanin biyun fa? Wanda yake son ya koyi gyara da hannunsa, yana da haƙurin bin abu ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai ƙwararren mai BMW a unguwarsu, Z3 za ta fi yi masa daɗin aiki, domin komai nata a fili yake, noti da sifana ne. Wanda tuƙin ya fi damunsa da gyaran, yana son ya gama a wata shida ya hau, 350Z ko G35 ce tasa, muddin zai iya ciyar da ita.

Akwai ta uku da mutane ke rainawa, ni kuwa ina ganin ta fi dacewa da yanayinmu: Mercedes SLK ta farko, mai lambar R170, daga 1996 zuwa 2004. Rufinta na ƙarfe ne, yana naɗe kansa ya shige but cikin kusan daƙiƙa 25. A ƙasar da ake hunturu mai ƙura, ake rana mai fasa dashbod, ake kuma da ɓarayi masu reza, rufin ƙarfe ba ƙaramar ni'ima ba ne. Injin SLK 230 mai silinda 4 ne, sunansa M111, an ƙara masa na'urar cusa iska da suke kira Kompressor, yana ba da doki kusan 190. Wannan injin ɗan gidan su C180 da C200 da C230 ne, motocin da ba garin da ba a san su ba a Arewa da Nijar. Gindin motar ma daga C ta wancan zamanin aka ɗauko shi. Bayan gyaran fuska na 2000 an ƙara mai V6 lita 3.2, shi ma irin na E320 da ML320.

Rufin da ya zama abin alfaharinta shi ne kuma ciwon kanta. Famfon mai ne a cikin but yake tura silindoji biyar, da ƙananan makunnai da ke gaya wa motar inda kowane sashe ya kai. In roba ta tsufa sai mai ya fara ɗiga, wani lokaci daga saman gilashin gaba har kan cinyar direba. Amma kafin ka yarda rufi ya mutu, duba labulen da ke raba but biyu. In ba a ja shi an maƙala ba, motar ba za ta taɓa motsa rufin ba, haka aka tsara ta. Abin da ya fi kwantar da hankali shi ne ko rufin ya ƙi aiki, a rufe yake, ka samu mota mai ƙofa biyu da za ka yi ta hawa har ka tara kuɗin gyaransa. A gaskiya dai SLK ba ta da zafin nama irin na waɗancan biyun. Yawancinsu otomatik ne, sitiyarinta ba ya gaya wa hannu abin da taya ke ciki sosai. Motar yawon la'asar ce.

Toyota Celica ta ƙarshe, 1999 zuwa 2006, ita ce zaɓin mai taka-tsantsan. Ƙaramin injinta 1ZZ lita 1.8 mai doki 140 shi ne na cikin Corolla da Matrix da Pontiac Vibe, ka ga kuwa ko a ƙauye ba za a rasa mai gyaransa ba. Na shekarun farko suna shan baƙin mai saboda ringi, amma a canza ringin ko a sayo wani injin duka abu ne mai sauƙi. Babban, 2ZZ, wanda Yamaha ta sa hannu wajen ƙera shi, yana da doki 180 zuwa 190, kuma sai allura ta wuce juyi 6,000 yake farkawa ya canza murya. Yana son mai mai kyau ƙwarai. Masu tsattsauran ra'ayi za su ce mai jan gaba ba motar tsere ba ce. Su suka sani. Abin da zan ce kawai, inji ba zai ba ka wahala ba, fitila da bamba da gilashin baya ne za su sa ka zagaye kasuwa, don haka sayi wadda jikinta yake cikakke.

Wadda nake jin takaicin rashinta a nan ita ce Mazda MX-5, wadda Amurkawa ke kira Miata. Tun fitowarta a 1989 ta zama abar misali: ba ta kai tan ɗaya ba a ƙirarta ta farko, mai fitilu masu ɗagowa kamar idon kwaɗo, injinta ɗan gidan Mazda 323 ne, kuma ko bel ɗin taimin ya tsinke fiston ba ya dukan bawul. A Turai da Amurka ita ake ba duk mai son fara irin wannan aiki, domin an ƙera sama da miliyan ɗaya, kayanta kamar ƙasa. A wajenmu kuwa marainiya ce. Kayanta ƙanana ne marasa nauyi, don haka in kana da ɗan'uwa a waje mai zuwa gida lokaci-lokaci, za ka iya riƙe ta. Amma ka kwanta a ƙasa ka ƙwanƙwasa dogarin ƙarƙashin ƙofofi da bakin tayoyin baya, a ƙirarta ta biyu kuma har da ƙarafan gaba na casis. Gishirin da Turawa ke watsa wa titi lokacin ƙanƙara yana cin su daga ciki, fenti na sheƙi a waje.

Biyu kuma zan ce a bar su ga masu su. Mazda RX-8, 2003 zuwa 2012, araharta tana ruɗin mutane. Injinta ba shi da fiston ko ɗaya, wasu ƙarafa ne guda biyu masu kusurwa uku suke juyawa a cikin gida. Da gangan yake ƙona baƙin mai, in ka kashe shi da sanyi yana iya shaƙewa da fetur ya ƙi tashi, in hatiman kusurwoyin suka cinye kuma sai an farke shi duka. Ko matsinsa ba a gwada shi da ma'aunin da aka saba. Bakaniken da bai taɓa buɗe irinsa ba zai koya ne a kan kuɗinka, ƙarshenta a ce a sa mata injin Toyota. Porsche Boxster ta farko, 1996 zuwa 2004, ta fi duk waɗannan daɗin tuƙi, amma injinta a tsakiyar mota yake a ɓoye, akwai wani boris a cikinsa da in ya watse yake tafiya da injin gaba ɗaya, kuma ba ta da ɗan'uwa ko na nesa a kasuwanninmu.

Ko wacce ka zaɓa, ranar dubawa ce ke yanke hukunci. Na taɓa raka wani abokina duba wata 'yar ƙofa biyu, muka ce wa dillalin ƙarfe bakwai na safe, kuma kada a tashe ta sai mun zo. Muna isa bakanikenmu, dattijo ne, bai ce komai ba, ya ɗora bayan hannunsa a kan bonet, sannan ya dubi dillalin.

“Malam, wa ya tashe ta?”

“Wallahi Baba, yaro ne ya matsar da ita don shara.”

Dattijon ya zaro sandar gwada mai, ya murza man tsakanin yatsu biyu. Ya yi kauri kamar zuma, yana bin yatsa. Ya sa abokina ya taka totur ya saki, shi kuma ya tsuguna a bayan salansa da farar takarda. Da ya miƙe sai ya nuna mana ɗigon baƙin mai a kanta, ya ce, “Alhaji, mu je mu karya kumallo.” Cinikin ke nan. An ɗumama injin ne don kada mu ji ƙararsa ta sanyi, an kuma ɗura masa mai mai kauri don ya rufe bakin hayaƙi.

Inji mai hayaƙi ma ba shi ne abin tsoro ba in farashin ya nuna haka, domin inji ana sauke shi a ɗora wani. Abubuwan da ba sa gyaruwa su ne casis da ya taɓa lanƙwashewa, wayoyin da riwaya goma suka yanka suka ɗaura, da motar da ambaliya ta taɓa shanyewa. Da yawa daga cikin waɗanda suka zo daga Amurka gwanjon inshora ne. Lambar casis mai harufa da lambobi 17 tana jikin dashbod ta gindin gilas, a bincika ta a intanet, sau da yawa har hotunan motar a filin gwanjo ake gani. A ɗaga kafet a shinshina, a duba ƙarƙashin kujeru ko akwai busasshen taɓo. A tafi da na'urar karanta kwamfutar mota, domin na Amurka daga 1996, na Turai masu fetur daga 2001, duk suna da mashigarta. A kuma lura ko fitilar gargaɗin inji tana kamawa in an murɗa makulli kafin a tayar. In ba ta kama ba sam, cire ƙwanta aka yi.

Sai takardu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma doka ba ta amince da mota mai sitiyari a dama ba, saboda haka arahar motocin Ingila da Japan ba taka ba ce. Wadda aka juya wa sitiyari a gareji kuwa ko kyauta ce ka yi godiya ka wuce. Kwastam suna da iyakar shekarun motar da za a shigo da ita, kuma motocin nan duk sun tsufa, don haka wadda ta riga ta shigo da takardar dutinta ta asali za ka nema. A tabbatar lambar da ke takarda ita ce a jikin mota, a kuma ga mai motar ido da ido, ba dillalin dillali ba.

Kada a manta da hanyar gidanku. Motocin nan duk a ƙasa suke, tudun rage gudu ɗaya mai tsini ya isa ya fasa kaskon baƙin mai. In layinku kwari da tudu ne, da damina kuma kogi, fara neman inda za ta kwana a bakin kwalta, a inuwa, domin ranarmu ta fi tsatsa ɓarna ga roba da fata da rufin yadi.

Da ni ne da kuɗin a hannu yau, zan raba su biyu, rabi na mota, rabi na ajiye don gyara, in kuma rabin bai isa sayen mai lafiyayyen jiki ba sai in ƙara jira. Zan fara neman SLK 230 ta bayan 2000 wadda rufinta ke rufuwa ruf ko da ba ya buɗewa, in ban samu ba in koma kan G35 mai ƙofa biyu da giyar hannu. Makon farko ba fenti, ba sababbin rim, ba rediyo. Tayoyi huɗu, birki da mansa, lagireto da tamostat, baƙin mai da matatunsa, sannan in kai ta Zariya in dawo idona na kan allurar zafi.